Wa'azi A Kan Kintacen Ranar Tabbatar Da Zaɓe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Amma ba'adu, ya ku malamai da almajiran Sundimina, an tambaye ni: shin ya halatta mutum ya ce majalisa za ta tabbatar da zaɓen shugaban ƙasa ran da aka sa?

Ku sani, a Amurka majalisa ke ƙidayar ƙuri'un wakilai ran 6 ga Janairu. A 2021 taron jama'a ya afka mata, ba ta gama ba sai dab da asubahin ran 7. A 2025 ta gama a ranarta lami lafiya.

Mu nan hukumar zaɓe ke yin shela. Ran 12 ga Yuni 1993 Abiola ya kara da Bashir Tofa, sa'an nan Sule Lamido na Bamaina shi ne sakataren jam'iyyar Abiola. Aka tsai da shela, Babangida ya soke zaɓen ran 23 ga wata.

To, kintace bisa alama halal ne, kamar manomi ya ga hadari ya ɗauko iri, amma ya ce in Allah ya so. Alamu biyu ne: wanda aka kayar ya sallama? Masu bindiga sun zauna a bariki? Wanda ya rantse a kai ya yi da'awar gaibu. Wanda ya zuba kuɗi ya yi caca, haramun ce.

Wallahu a'alamu. Tammat.