Kujerar Kwaikwayon Tuƙi: Abin da Za Mu Iya Ƙerawa a Haɗeja



Mun tsaya gabanku yau don mu ba da bayanin wani ɗan aiki da muka tasam ma a hutun da ya wuce a gida Haɗeja, wato ƙera kujerar da ke motsi daidai da motar tsere da mutum ke tuƙawa a kwamfuta. Mun san wasu za su ce wannan wasan yara ne. Muna roƙon ku saurare mu tukuna, sa'an nan ku yanke hukunci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa akwatin koyon tuƙin jirgin sama da irin zugazugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa. Da farko an ɗauke shi abin nishaɗi, sai a 1934, bayan haɗurran da suka ci rayukan matuƙa masu jigilar wasiƙu, sojan Amurka suka sayi guda 6. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. A 1965 kuma D. Stewart na Ingila ya bayyana dandamalin da ke motsi ta fuskoki 6, irin motsin da manyan na'urorin koyon tuƙin jirgi masu ƙafa 6 ke yi. Ta ɓangaren tsere, Jann Mardenborough ya ci gasar GT Academy ta wasan kwamfuta a 2011, a 2013 kuwa ya zo na uku a ajinsa a tseren Le Mans na Faransa, cikin mota ta gaskiya.

To, yaya kujerar da ke kafe a ɗaki za ta sa mutum ya ji yana gudu? Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Kogin Haɗeja da damina ya san amsar. Ko ya rufe ido, ya san lokacin da kwalekwalen ya karkata, domin a can cikin kunne akwai wasu 'yan kafofi masu ruwa da ke shaida wa ƙwaƙwalwa motsin kai. Sai dai kunnen yana da rauni guda: ba ya bambance karkata da fizgar mota. Idan direba ya taka birki a wasan, sai kujera ta sunkuya gaba, nauyinsa ya faɗa kan bel. Idan ya taka totur sai ta kwanta baya. Idan ya sha kwana dama sai ta karkata hagu. Ido na kallon hanya, kunne na jin karkata, ƙwaƙwalwa kuwa ta haɗa su ta ce mota ce ke tafiya.

Amma dabarar tana da iyaka, kuma lissafi ne ya yanka ta. Karkatar digiri 10 tana ba da abin da bai kai kashi 18 cikin 100 na nauyin mutum ba, alhali birkin motar Formula 1 yana iya jefa direba gaba da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau 5. Saboda haka aikin kujera nuni ne kawai. Sai ta yi motsin farko da sauri, sa'an nan ta sulale ta koma tsakiya a hankali yadda mai tuƙi ba zai farga ba, don ta shirya wa kwana ta gaba.

Da muka auna aljihunmu, sai muka bar ƙafa 6 muka tsaya kan motsi 2: gaba da baya, hagu da dama. Kayan da ake bukata kusan duk suna wurin 'yan gwangwan da masu kayan gyaran mota, abin da ya gagara a Haɗeja kuma ana neman sa a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ana bukatar tsohuwar kujerar mota, da ƙarafan walda, da gaɓar nan mai siffar gicciye ta jikin farfelar mota wadda kujerar za ta hau, da injin waifa 2 masu aiki da batirin mota. Sai ƙaramin allon Arduino da ke karɓar saƙo daga kwamfuta ta hanyar manhaja irin SimTools, da maɓalli irin na ƙara muryar rediyo a jikin kowane inji, mai gaya wa allon inda hannun injin ya kai.

Ba za mu ɓoye muku kuskurenmu ba. A gwajin farko mun kafa gaɓar a tsakiyar firam bisa kintace, ashe nauyin mai zama ya rinjaya baya. Injinan suka yi ta fama da ɗaukar mutum maimakon karkata shi, kafin mu ankara ɗaya ya ƙone, kuɗin mako guda ya tafi. Wani dattijon mai walda ne ya warware mana. Ya sa aka ɗora firam ɗin kan bututu, ɗayanmu na zaune, aka yi ta gusa shi har ya tsaya cak kamar sikeli, ya ce nan ne gurbin gaɓa. Abin da muka karanta a aji muka manta, shi ya san shi da hannu.

Ƙasarmu ma tana da nata sharuɗɗa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun koya wa mutanen fadamar Haɗeja kada a ajiye abu mai daraja a ƙasa, don haka kayan lantarkin suna cikin akwati a jikin bango. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe inji, sai an rufe shi an kuma sa masa fanka. Yawan ɗaukewar wuta ya sa batir da farantin sola suka fi dacewa. Dole a sa fiyus da maɓallin tsayarwa kusa da hannu, a kuma kange yara daga hannuwan injin, domin ƙarfen da ke ɗaga ƙato ba zai ji tausayin yatsa ba.

Me za mu ƙaru da shi? Na farko, a wannan kujera guda ɗalibi zai haɗa lissafi da walda da lantarki da rubuta manhaja, abin da da yawanmu ke gama jami'a ba su taɓa yi ba. Na biyu, babu ɗayanmu da bai rasa wani a haɗarin mota ba. Kujera ba za ta maye gurbin titi ba, amma gara matashi ya ga sakamakon shiga kwana da gudu a ɗaki, inda zai tashi ya sake. Na uku, muna da magabata. Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota a 2007, Jelani Aliyu na Sakkwato kuwa shi ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt.

Roƙonmu biyu ne. Hukumomin makarantu su buɗe mana ɗakunan ƙira bayan lacca, mu kuma ɗalibai mu sauke girman kai mu durƙusa gaban masu walda da kanikawan garuruwanmu. Kujerarmu har yanzu tana ƙara in ta karkata hagu. Wanda ya san maganin wannan, muna jiran sa bayan taro.