Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba: Jawabin Wata Mamba a Taron Cikar Shekara

Hajiya shugaba, iyayena, yayyena da ƙannena na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, barkanmu da ganin wannan rana.

Ni dai hatsi nake sayarwa a Kwanar Ɗangora, sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci. Saboda yayata na karɓi magana yau. Shekara uku tana cewa olsa ce, daga jiƙon kanwa sai maganin kemis. Da muka kai ta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano aka zura mata na'ura mai kyamara ta baki, ashe kansar tumbi ce, har ta yi nisa. Allah Ya jiƙanta.

Na yi ta tambayar likita, ga abin da na gane. Jikinmu ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowacce tana da irin nata ɗan gwangwan. Yana tattara abin da ya lalace a cikinta, ya narkar, a sake amfani da shi, kamar yadda ake narka tsohon ƙarfe a ƙera tukunya. Wani masani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, ya samu kyautar Nobel a 2016 kan bayanin wannan aiki.

Da fari wannan sharar tana tsare mu. To amma akwai ƙwayar cuta, Helikobakta, mai zama a tumbi, ita ke haddasa yawancin olsa, kuma dafinta yana dagula sharar. In kuwa kansa ta riga ta kafu, sai ta mayar da ɗan gwangwan ɗin yaronta, ta riƙa ci daga gare shi, ta jure yunwa, ta jure magani. Don haka saƙon WhatsApp ɗin nan mai cewa zama da yunwa yana kashe kansa, kada ya hana kowa zuwa asibiti. Yayata ta gwada, ramewa kawai ta ƙara.

Ku riƙe alamomin nan: ƙoshi da loma kaɗan, rama babu dalili, baƙin bayan gida, amai da jini. Helikobakta ana gwada ta, ana kuma kashe ta da magani na kamar mako biyu. A rage gishiri, maigida ya bar taba.

Roƙona ga ƙungiya, yadda muke zubin adashi, mu ware wani abu duk wata don kuɗin mota da na gwaji. Kada rashin kuɗin zuwa Kano ya sake zaunar da wata a ɗaki.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya maimaita mana.