JAM'IYYAR 'YAN MAZAN JIYA DA RIGAR ADDINI: INA AMANAR TAKE?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman matasa na bayan sallar Isha'i a garin Bagudo. 

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Malamanmu da ke zaune, ina neman afuwa, don ni ɗalibi ne, umurni aka ba ni na tashi. 

Bayan haka, tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin jam'iyyar da ta zo mana da sunan tsare addini da tarbiyya da gaskiya, har yanzu tana da bakin da za ta yi mana wa'azin ɗabi'a? Zaɓen 2027 ya ƙarato, kuma ku ne za a nema. Ku ne masu babura, ku ne masu liƙa hotuna, ku ne masu ihu a bayan mota. Saboda haka dole mu san abin da za mu sa ƙarfinmu a ciki.

Da farko mu san wa muke nufi. A ƙasar nan tamu ta Arewa kullum akwai jam'iyyar 'yan mazan jiya, wadda ke jingina da sarauta da malamai da masu dukiya, tana cewa ita ce garkuwar addini da al'ada. A zamanin Sardauna NPC ce. Daga 1979 zuwa 1983 NPN ce. A 1998 aka sami APP, wadda ta koma ANPP. A 2013 ANPP da CPC ta Janar Buhari suka narke cikin APC. Ita APC tana kiran kanta jam'iyyar ci gaba, amma a nan wajenmu da me ta ci kasuwa? Da sunan "Mai Gaskiya" da kuma tunanin Shari'a. To, tunda da wannan mudun ta auna mana, da shi za mu auna mata.

Mu fara da Shari'a. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura na APP ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Jihohi 12 suka kama wannan hanya, har da jiharmu ta Kebbi a shekarar 2000 ƙarƙashin Gwamna Muhammad Adamu Aliero, shi ma na APP. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda mutane suka yi ta kabbara suna hawaye. A watan Maris 2000 aka yanke hannun wani talaka a Zamfara saboda satar saniya. Shekara 25 ke nan da ɗoriya. Ina tambayarku don Allah, wa ya taɓa jin an yanke hannun gwamna ko kwamishina? Ko kuwa baitulmali bai kai saniya daraja ba ne?

Kun san ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaid ya nema mata sassauci. Manzon Allah (SAW) ya yi fushi, ya nuna cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba in ya yi sata da tsayar da haddi a kan mai rauni, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa ce da hukuncin ya hau kanta. Wannan shi ne ma'auni. Shari'a ba ta gaza ba, 'yan'uwa. Waɗanda suka riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cikin asusu, su ne suka gaza.

Na biyu, maganar yaƙi da cin hanci. Adalci ya sa mu faɗa cewa a 2018, a mulkin APC, kotu ta ɗaure tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, alhali shi Dariye yana sanata a jam'iyyar mai mulki. Mun yaba. Amma a watan Afrilu 2022 gwamnatin nan dai ta yi musu afuwa. Kafin nan, a watan Janairu 2019, shugaban jam'iyyar na lokacin, Adams Oshiomhole, ya tsaya a dandalin kamfe ya nuna cewa duk wanda ya shigo jam'iyyarsu an yafe masa laifuffukansa. Subhanallah! Yaushe katin jam'iyya ya zama tuba?

Na uku, mu dawo gida, bakin iyakar nan. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce don a hana shigo da shinkafar waje, manominmu ya amfana. Niyyar tana da kyau a baki, kuma a Birnin Kebbi ne Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a watan Nuwamba 2015. Amma wa ya ɗauki nauyin rufewar? Mutanen Lolo da Tsamiya da Illo da Kaoje, waɗanda ke da dangi da surukai da kasuwa a Segbana da sauran garuruwan ƙasar Benin tun kafin Bature ya ja layi. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kamar duk mazaunin bakin iyaka ɗan fasa-ƙwauri ne. Sai a Disamba 2020 aka fara buɗe wasu iyakokin. Ni da idona na ga an sauke wa wata tsohuwa 'yar shinkafarta ta tuwo a wani shinge, tana roƙo tana kuka, ba a jima ba babbar mota ta wuce aka ɗaga mata hannu. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ma ba shi ne na farko ba. A zamanin NPN an kafa kwamitin shigo da shinkafa ƙarƙashin Umaru Dikko, ƙasa ta cika da ƙorafin yadda lasisi ke tafiya hannun 'yan jam'iyya. Soja suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983, a watan Afrilu 1984 aka rufe iyaka, aka canja kuɗi. A ƙarshen 2022 ma an sake canja kuɗi, a farkon 2023 muka kwana a layi muna neman haƙƙinmu. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Kowane karo, wuyan talaka ake fara dubawa.

Na huɗu, shin akwai wata aƙida da ta raba jam'iyyun nan? A 2007 gwamnan da ya ƙaddamar mana da Shari'a ya bar ANPP ya koma PDP. Daga baya ya zo APC, a 2022 ya koma PDP, a watan Mayu 2025 kuma shi da sauran sanatocin Kebbi biyu suka dawo APC. Ba zagin kowa nake yi ba, abin da aka yi a bainar jama'a nake faɗa. Amma kai da ka fasa kan ɗan'uwanka saboda tsintsiya ko lema, ka ga masu gidan suna cin tuwo a akushi ɗaya. Kada kuma wani ya fita daga nan ya ce na ce ɗaya jam'iyyar ce tsarkakakkiya. Shekara 16 ta yi tana mulkin ƙasar nan, mun ga kamun ludayinta.

To, amsata ita ce: eh, jam'iyyar ta rasa bakin yi mana wa'azin ɗabi'a, don Allah ya yi hani mai tsanani a Suratus Saffi ga faɗin abin da mutum ba ya aikatawa. Akwai mutanen kirki a cikinta, ba mu musa ba. Amma nagartar mutum tasa ce, ba ta tuta ba ce.

Muna da abin koyi a gida. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu, wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, ya ga wasu a cikin rundunar sun karkata ga neman mulki da dukiya da dawakai da tufafin alfarma. Bai ce ai namu ne a rufa asiri ba. Ya bar su ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam don su san yadda ake mulki da adalci. Idan jama'ar Shehu ba ta fi ƙarfin a yi mata hisabi ba, wace jam'iyya ce ta fi ƙarfinsa?

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi taliya da atamfa da 'yan kuɗi ranar zaɓe, da wane baki zai zagi ɓarawon gwamnati? Wanda ke surka fetur da kananzir ya sayar wa Musulmi a galan, ko ya tauye mudu a kasuwa, me ya raba shi da su in ba girman rumbu ba? Har mu 'yan harka, mu binciki kanmu: kuɗin jaridar nan da kuɗin taimako da ke biyowa ta hannunmu, muna kai su cif?

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Kada ɗayanmu ya yi bangar siyasa ko ya ɗauki makami don wani ɗan takara. Kada mu sayar da shaidarmu, don ƙuri'a shaida ce, kuma za a tambaye mu. In ɗan siyasa ya zo masallaci da buhu da alkawari, mu tambaye shi cikin ladabi, a gaban dattawa, abin da ya yi da amanar da aka ba shi a baya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, malamai su gyara mini. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da iyakarmu lafiya, ya sa mu cika da imani.