Tsarabar Tafiya da Haƙƙin Gida



An ba mu dama mu ce wani abu game da tafiye-tafiyen hutu da suka zama al'ada a tsakanin 'ya'yan Batsari da Safana mazauna birane. Idan makarantu suka rufe, wasunmu kan ɗebi iyali a mota su nufi kudu, su tsaya a Lakwaja su shiga kwalekwale a inda Kwara da Binuwai suka haɗu, su zarce Legas da Badagiri, su ƙetara iyakar Seme zuwa Kwatano su ga Ganbiye, garin da aka kafa gidajensa a kan turaku cikin tafki. Waɗanda Allah ya ƙara wa buɗi har jirgin ruwan shaƙatawa sukan shiga, mai ɗakunan kwana da gidajen abinci, su yi mako guda suna zagaya tsibiran Karebiyan. Babu laifi a cikin wannan, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Tambayarmu ɗaya ce: ina tsarabar take sauka?

Doguwar tafiya ta ƙasa wadda ke ƙarewa a bakin teku ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Fataken ƙasar Hausa sun yi ta kora jakuna a ayari, ƙarƙashin madugu, har Salaga ta ƙasar Gwanja, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro bayan watanni. Haka kuma kafin jigilar alhazai ta jirgin sama ta kankama, maniyyaci yakan bi ta Kano da Maiduguri, ya shiga Fallomi, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, ya ratsa Darfur zuwa Al'ubayyid da Khartum, sannan ya hau jirgin ruwa a Sawakin ko Fot Sudan ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Wani yakan shekara uku ko biyar a hanya, yana noman ƙodago domin ya sami guzuri, wasu ma sun zauna a Sudan har zuriyarsu na can yau.

Wanda ya dawo kuwa, ba ya shiga gari hannu rabbana. Zamzam da dabino da tasbaha da darduma sukan zaga dangi da maƙwabta, ko da kowa ƙwayar dabino ɗaya zai samu. Bayan an raba kaya sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a yi makonni ana sauraron labarin hanya: inda ruwa ya ƙare musu, garin da aka karrama su, da yadda igiyar teku ta juya wa mutumin tudu ciki. Da haka tafiyar mutum ɗaya takan zama ilimin gari baki ɗaya.

Yau fa? Tsarabarmu ta koma ƙwanson katantanwar teku, da ɗan kwalekwalen katako, da riga mai tambarin jirgi, da ɗaruruwan hotuna a cikin waya. Duk a falonmu na Abuja ko Kaduna ko Legas suke tsayawa. Yaron da aka haifa mana a birni zai iya kwatanta gaɓar tekun Kwatano, amma bai taɓa ganin duwatsun Ruma ba, bai san hanyar Runka ko Zakka ba, bai taɓa cin rogon Batsari a inda aka tono shi ba.

Mun san dalilin da za a kawo, kuma dalili ne mai ƙarfi. Shekaru da yawa ke nan 'yan bindigar da suka fake a dajin Rugu suna addabar ƙauyukanmu da kisa da satar shanu da garkuwa da mutane. A Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, da namu biyun a ciki, ta yadda ko gaisuwa ta gagara. Ba mu ce kowa ya jefa iyalinsa cikin haɗari ba. Sai dai wanda tsoro ya hana shi zuwa gida, bai kamata ya bari mantuwa ta ƙarasa abin da tsoro ya fara ba.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawarwari uku. Na farko, duk wanda ya ware kuɗin hutu ya cire wani kaso, komai ƙanƙantarsa, a matsayin tsarabar gida, a tara a sayi littattafai da magunguna domin makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauyukan da aka tarwatsa. Na biyu, a naɗa matasa su bi dattawanmu da suka ga tafiyar ƙasa, ko suka ji labarinta daga bakin iyayensu, su naɗi muryoyinsu, su ɗauki hoton tsofaffin akwatuna da takardun tafiya da ke ajiye, a riƙa bugawa a wannan mujalla kafin masu labarin su ƙare. Na uku, duk lokacin da hakimai da mutanen gida suka tabbatar hanya ta yi kyau, a shirya zuwa gida a ayari ɗaya, da rana, tare da yaranmu, ko da a garin Batsari ko Safana kawai za a tsaya.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, ya kai kowa masaukinsa lafiya.