Motsa Jiki Bayan Isha'i: Ko Yana Hana Barci?

   

Yau za mu ɗauki wata tambaya ce da ke damun mata da yawa. Uwargida tana so ta riƙa motsa jikinta, wataƙila ma likita ne ya umarce ta saboda hawan jini ko ciwon suga ko nauyin jiki. Amma tun daga asuba har faɗuwar rana ba ta da lokacin kanta: ga shirya yara makaranta, ga girki, ga wanki, ga 'yar sana'ar cikin gida, ga kuma zafin rana. Ba ta samun sarari sai bayan sallar Isha'i. Sai kuma ta ji ana cewa wai motsa jiki da dare yana hana barci, shi ke nan sai ta haƙura. To shin gaskiya ne?

Kafin mu amsa, 'yar uwa, dubi yadda zaman gida ya sauya. Kakanninmu su ma sun yi kulle, amma su ke surfe, su ke daka, su ke niƙa a kan dutse, su ke jan guga a rijiya. Yau inji ya karɓe niƙa, famfo ko ɗan garuwa ya karɓe jan ruwa, cefane kuwa yaro ake aika. Sauƙi ne Allah ya kawo, mun gode masa. Sai dai jiki ya rasa aikin da ke sa zuciya ta yi ƙarfi. Tsayuwa a gindin murhu tana gajiyar da ƙafa da baya, amma ba ta sa numfashi ya ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato minti 30 a rana, kwana biyar. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tseren gudu da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta.

To, me ya haɗa motsa jiki da barci? Idan dare ya yi, zafin cikin jikin mutum yakan sauka kaɗan, bugun zuciya ya lafa, ta haka jiki ke shirin barci. Motsa jiki mai tsanani kuwa yana ɗaga zafin jiki, ya sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ya saki sinadaran da ke sa mutum ya wartsake. Kin san idan kin sauke tukunya, garwashi ba ya mutuwa nan take. Haka jiki yake, sai an ba shi lokaci ya huce.

Masana sun bincika wannan magana. A shekarar 2019 aka buga aikin wasu masana na birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, waɗanda suka tattara bincike 23 suka duba. Abin da suka gano shi ne motsa jiki da yamma ko da dare ba ya ɓata barcin mai lafiya, sai fa idan mai tsanani ne kuma aka gama shi ƙasa da awa ɗaya kafin a kwanta. A shekarar 2025 kuma masana a Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya suka bi diddigin barcin mutum sama da 14,000. Su sun ga cewa wanda ya yi motsa jiki mai tsanani a cikin awa huɗu kafin kwanciya, yakan makara wajen yin barci, barcin kuma ya ragu. Idan muka haɗa biyun, amsa ta fito: abin dubawa shi ne tsananin motsin da kuma tazarar da ke tsakaninsa da kwanciya.

Yaya za ki gane mai tsanani da matsakaici? Gwajin yana bakinki. Idan kina motsi, numfashinki ya ɗan ɗaga, jiki ya ɗumama, kina iya hira da abokiyar zamanki amma ba za ki iya rera waƙa ba, wannan matsakaici ne. Idan kuwa haki ya hana ki haɗa kalma uku ko huɗu, kin shiga mai tsanani. Tsallen igiya, gudu, ko hawa bene da sauri a sauko a sake hawa, irin waɗannan a bar wa safiya ko bayan La'asar idan rana ta yi sanyi. Na dare shi ne mai sauƙi.

Ga abin da za ki iya yi ba tare da kin taka ko zaure ba. Bayan an ci tuwon dare an yi Isha'i, ki sa takalmi mara tudu ki riƙa zagaya tsakar gida da ɗan hanzari, kina kaɗa hannuwa, minti 10 zuwa 20. Idan tsakar gidan ƙarami ne, ko akwai wasu maza a gidan, ki shiga ɗaki ki riƙa taka ƙafa a wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa. Sannan ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma. Ki dafa bango ki riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa kina sauka, sau goma. Ki cika gorar ruwa biyu ki riƙa ɗaga su sama. Ki ƙarasa da miƙa a hankali. Idan kuna shiri da abokiyar zama, ko kina da 'ya'ya mata, ku yi tare, hira tana rage nisan tafiya.

Tattakin bayan abinci yana da wata riba ta musamman. A shekarar 2016 masana a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan sun gwada masu ciwon suga, suka ga tafiyar minti 10 bayan kowane abinci tana rage hauhawar suga a jini, kuma amfanin ya fi yawa bayan abincin dare. Mu da abincin darenmu tuwo ne ko shinkafa ko taliya, a ci a miƙe a tabarma gaban talabijin, wannan magana tamu ce.

Sai dai, uwargida, kar ki ci bashin barci don ki biya motsa jiki. Babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Ke da za ki tashi wajen ƙarfe 5 don sallar Asuba, lissafi ya nuna ƙarfe 10 ya kamata ta same ki a shimfiɗa. Saboda haka ki gama motsinki kafin ƙarfe 9. A cikin barci ne tsoka ke gyara kanta ta ƙara ƙarfi, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin kayan zaƙi. Wadda ta kai sha biyun dare tana motsa jiki don ta rage ƙiba, ta ɗebo da hannun dama ne ta zubar da na hagu.

Bayan kin gama, ki watsa ruwa mai ɗan ɗumi, ki sha ruwa daidai misali. Ki guji shayi mai kauri, kofi, goro da lemon kwalba mai kola, domin sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awowi bai bar jiki ba. Sau da yawa su ne ke hana barcin, a ɗora wa motsa jiki laifi. Da damina ki kula da sauro a tsakar gida. Da hunturu, mai asma ta yi nata a ɗaki saboda ƙura.

Akwai waɗanda ya wajaba su fara jin ta bakin likita ko ma'aikaciyar jinya: mai juna biyu, mai jego musamman wadda aka yi wa aiki, mai ciwon zuciya, da wadda jininta ke hawa sosai. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan magani ta tambaya tukuna, don suga na iya faɗuwa cikin dare tana barci. Kuma duk wadda ta ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi na neman ɗaukewa, ta tsaya nan take, a kai ta asibiti.

Jikin kowa da yadda yake. Ki gwada na mako biyu ki lura da kanki. Idan kin ga kina juye-juye barci ya ƙi zuwa, ki matso da lokacin gaba, ko ki rage ƙarfin motsin. Ki fara da minti 10, ki riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa. Ki kuma sanar da maigida, ki nuna masa lafiyarki ce lafiyar gidan, wa ya sani ko shi ma ya biyo bayanki ku zagaya tare.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.