GAZ NA DAHUWA: IN BUTALI YA ƘARE, YAYA ZA A YI?

Jawabi zuwa ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Waca da ƙauyukanta



Maganar yau ta gaz ce, wanda ake dafa abinci da shi. A da, sai a birni ake ganin shi, a gidajen ma'aikata. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, arewa da Damagaram, bisa hanyar Tanut. Ɗanyen mai yana zuwa mata daga Agadem, cikin jihar Difa, ta bututu mai tsawon fiye da kilomita 400. In an tace shi, a samu isansi, a samu gazuwal, a samu gaz. Ke nan a jiharmu ake yin shi.

Ina ruwan manomi da gaz? Da ruwanshi. Tun wajen 1985 manoman Magarya da Matamai da Mirya suke barin ƴaƴan gawo su girma a gona. Gawo yana kakkaɓe ganye da damina, ya taki gona, bisashe su ci ƴaƴanshi da rani. Itacen da aka yi shekaru ana reno, ba a so ya ƙare a murhu. Ga kuma hayaƙi da ke ɓata ma mata idanu da ƙirji.

Sayen farko yana da tsada, wannan gaskiya ne: butali, da kan murhu. Daga nan sai kuɗin ciko kaɗai.

Akwai butali mai kilo 6, akwai mai kilo 12 da rabi. In ya ƙare, a kai wofi wurin dillalin da aka sani, a karɓo cikakke. Kafin a biya, a duba bakin: hatimin roba yana nan, ba a taɓa shi ba? In butalin ya yi tsatsa ko ya lotsa, a ce a sake wani.

Nan ne karatu ke da rana. A jikin butali an buga nauyinshi in ba kome ciki. A karanta lambar, a ƙara kilo 6 a kai (ko kilo 12 da rabi in babban butali ne), sannan a aza butalin bisa sikeli. In lissafi bai cika ba, an rage gaz. Wanda ya iya lamba, da wuya a cuce shi.

Wasu suna juye gaz daga babban butali zuwa ƙarami, a bayan shago, da guntun tiyo. Suna cewa ya fi araha. Wannan araha tana kashe mutane. Gaz a cikin butali ruwa ne, in ya ji zafi sai ya kumbura. Shi ya sa a masana'anta ba a cika shi fal, ana barin wajen kashi 1 cikin 5 wofi. Mai juye da ka yake yi. In ya cika shi har wuya, aka ɗora bisa amalanke cikin ranar bazara, butali yana iya yoyo ko ya fashe.

A ɗauko shi tsaye, a ɗaure da kyau, ko bisa babur ko bisa amalanke. Kada a gangara shi a ƙasa. A gida a aje shi tsaye a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhun itace da dangar kara. Kada ya kwana ɗakin da mutane ke kwana.

Gaz ya fi iska nauyi. In ya zurare, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwantawa yake yi a ƙasa, inda yara ke barci bisa tabarma. Warin nan nashi da gangan aka sa mishi, don hanci ya ba da labari. In an ji wari, a rufe butali, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga. Kada a ƙyasta ashana, kada a kunna fitila. Mai neman inda ke yoyo ya shafa kumfar sabulu a bakin butali. Inda kumfa ta taso, nan ne. A fitar da shi fili, a mayar ma dillali.