Ba Alkama Ba Ce Maganin, Girman Malmala Ne Matsalar

Shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamai, abokan aiki, da iyaye mata da ke can baya, na gode. An ba ni rabin awa, gabatarwa ta cinye kusan minti goma, don haka ban da dogon Turanci.

Ba zan tsaya bayanin mene ne ciwon suga ba. Daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Kabuga, da wuya a sami zuri'ar da ba ta san yawan fitsarin dare ba, da ƙishirwa, da rama, da gyambon ƙafa mai ƙin warkewa. Abin da ya kawo ni wata jimla ce da muke faɗa wa marasa lafiya shekara da shekaru, har ta zama kamar karatun allo: "Ka bar tuwon shinkafa, ka koma tuwon alkama." Na daɗe ina faɗa da wannan jimla, kuma wasu abokan faɗan nawa suna zaune a sahun gaba.

Wani dattijo mai sayar da yadi a Kurmi ya taɓa zuwa wurina, suga ya ƙi sauka, magani kuwa ba ya fashi. Ya ce, "Likita, wallahi rabona da sukari tun azumin bara." Na ce, "Baba, na yarda. Gobe a aiko min da abincin darenka yadda yake." Washegari ɗansa ya zo da langa. Na buɗe: malmala uku na tuwon alkama, kowace ta fi dunƙulen hannuna, da 'yar miyar kuka a ƙaramin kwano, wadda ba ta fi a dangwala ba. Da safe fa? Shayi da zuma cokali biyu, tunda an ce zuma magani ce, da rabin burodi. In jiri ya ɗebe shi a rumfa, yaro ya ruga ya sayo masa Maltina. Bawan Allah nan bai saɓa umarninmu ko ɗaya ba. Umarnin ne gurgu.

Ku ba ni hankalinku nan, don lissafin da zan yi shi ne gindin maganata. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Sukarin da ke yawo a cikinsa duka, in mutum lafiyayye ne kuma bai karya ba, bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato cokalin shayi ɗaya. Ɗaya tak. To, dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci kusan giram 28, kuma hanji ba ya barin sitaci a matsayin sitaci, narkar da shi yake yi ya koma sukari kafin ya shiga jini. Farantin da ake zuba wa magidanci a gidan biki ya kai giram 400. Ku lissafa da kanku: ya haura cokali 20. Mai lafiya, insulin ɗinsa zai kwashe wannan kaya ya kai ma'ajiya. Mai ciwon suga nau'i na biyu kuwa, jikinsa ya daina jin maganar insulin, sai kayan su tsaya a hanya suna cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa.

Alkama fa? Ita ma sitaci ce, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta. Dusarta tana ɗan rage gudu, ban musa ba. Amma in an kai ta inji an niƙe ta liƙis kamar hoda, an tuƙa, an mulmula uku, wannan ɗan fifiko ya bi ruwa. Hanji bai san sunan hatsi ba. Haka acca, haka gero, haka dawa, haka masara. Abin haushin ma, mun raba talaka da dawar da ke rumbunsa mun tura shi sayen abin da akasarinsa daga ƙasashen waje ake shigo da shi, a kan tsada, kuma mun bar shi da tunanin cewa tunda alkama ce, ya ci iya cikinsa. Duk mai shakka, na'urar gwajin suga ba ta da ɓangare. Ya ci malmala uku na alkama yau, ya gwada bayan awa biyu. Gobe ya ci malmala ɗaya ta dawa da miyar taushe cike da kwano da ɗan nama, ya sake gwadawa. Sai mu haɗu.

Ba ni kaɗai nake wannan kuka ba. A garin Southport na Ingila akwai wani likitan unguwa, David Unwin, wanda ya ɗauki wannan lissafi na cokali ya riƙa nuna wa marasa lafiyarsa. Rahoton da ya fitar a 2023 ya nuna cewa cikin mutum 186 da suka zaɓi rage sitaci, kusan rabi sugansu ya dawo daidai ba tare da magani ba, kuma sun sauke kimanin kilo 10 a matsakaici. Ba wani babban asibiti ba ne, ɗakin duba marasa lafiya ne irin wanda muke da shi a unguwanni. Kafin nan, a 2017, binciken DiRECT a Birtaniya ya nuna kashi 46 cikin ɗari sun sami irin wannan sauƙi bayan shekara guda ta hanyar rage ƙiba, waɗanda suka sauke kilo 15 kuwa, kashi 86. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka ma ta amsa a 2019 cewa rage sitaci da sukari gaba ɗaya shi ne ya fi hujja wajen saukar da suga. Na ce sauƙi, ban ce warkewa ba. In aka koma gidan jiya, ciwon zai dawo.

Akwai masu kwantar mana da hankali da alƙaluma. Nazarin da Andrew Uloko da abokansa suka buga a 2018, daga nan Kano aka jagorance shi, ya ba Najeriya kashi 5.77, Arewa maso Yamma kuma kashi 3, mafi ƙanƙanta a ƙasar. Madalla. Amma binciken ƙasa na 1992 kashi 2.2 ya samu. Ku dubi inda aka nufa. Kuma kashi ukun nan har da manomin da ke wuni a bakin garma aka haɗa, ba ɗan birnin da ke hawa A Daidaita Sahu daga Mandawari zuwa Kurmi kaɗai ba.

Kakanninmu sun ci tuwo, gaskiya ne, kullum ana jefo min wannan. Sun ci tuwo sun bi ayari da ƙafa har Gwanja fataucin goro. Kakanninmu mata sun yi surfe, sun yi daka, sun yi niƙa a dutse, sun ja guga. Mu mun riƙe malmalarsu mun yar da wahalarsu, muka ƙara da taliyar leda da lemon kwalba. Wani babban bincike na Amurka a 2002 ya gano cewa tafiyar minti 150 a mako da rage ɗan nauyi sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58, maganin metformin kuwa kashi 31. Minti 150 ɗin nan, in ka zaɓi masallacin da ke ɗan nesa don Asuba da Isha, ka kusa cika shi.

Ana cewa rage tuwo a ƙara ganye da nama abincin masu kuɗi ne. A'a. Ku shiga Kasuwar Rimi ku tambayi kuɗin zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, awara, gyaɗa, dafaffen ƙwai, nono marar sukari, wake daidai misali: wanne ne na masu kuɗi? Ana cewa man da ke cikin irin wannan abinci zai toshe zuciya. Ban ce a sha man shanu da ludayi ba. Ana cewa mutane ba za su jure ba. An gwada su ne?

Gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, kada ya rage abinci bai ga likitansa ba, don suga na iya faɗuwa ya sume, musamman da azumi. Yara masu nau'in ciwon na farko ba sa rabuwa da insulin ko da me suka ci. Masu juna biyu su ma nasu daban ne. Kuma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a zubar da magani.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A janye takardar nan ta "ci alkama" daga asibitocinmu, a maye ta da hoton kwano: rabi ganye da miya, kwata nama ko kifi ko wake, kwata tuwo, kowane iri ne. A koyar da wannan ga wadda ke riƙe da muciya, don mun daɗe muna yi wa Alhaji lacca alhali Hajiya ce ke kwashe tuwon. Makarantun Islamiyya na matan aure su ne wurin. Malamanmu su faɗa a kan mumbari cewa zuma tana da falala, amma ga mai wannan ciwo tana ɗaga suga kamar sukari. A daina zuwa dubiya da katan ɗin lemo. Harajin naira 10 a kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon zaƙi kuwa, ko kuɗin ledar ruwa bai kai ba. A ƙara shi, a sayi tsinken gwajin suga da kuɗin a raba wa ƙananan asibitocin cikin ganuwa.

Shugaba, na hango ana shigo da kiret-kiret na lemo da robobin shinkafa ta ƙofar baya. Nawa a cire naman a ba ni da ruwa, sauran a kai wa almajiran da ke bakin ƙofa.